Tsakiyar Edinbara: tambayoyin da baƙi suka fi yi kan yawo, sayayya, abinci da abin hawa

Duk wanda ya ɗan daɗe a Edinbara, babban birnin Sikotland, ya saba da kiran waya iri guda. Ɗalibi ne zai zo karatu, ko iyaye za su zo bikin yaye ɗansu, ko wani ya zo taro a Landan yana son ya leƙo arewa kwana biyu. Tambayoyin ba sa canzawa sosai, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Ban sa farashi ba, domin kusan kowace shekara sai ya motsa.

Yaya ake faɗin sunan garin, kuma ina ne ake kira tsakiyarsa?

A allon filin jirgi za ka ga an rubuta Edinburgh, amma masu garin Edinbara suke cewa. Tsakiyar kashi biyu ce, kwari ya raba su. A kudu akwai Tsohon Gari, wanda ya hau doron dutse da lunguna da gidaje masu hawa da yawa. A arewa akwai Sabon Gari, wanda sabuntarsa ta suna ce kawai, don tun 1767 aka amince da zanen da James Craig ya yi masa. Kwarin da ke tsakani a da tafki ne mai ƙazanta da ake kira Nor Loch. Aka janye ruwan, yau shi ne lambun Princes Street Gardens, kuma a cikinsa tashar jirgin ƙasa ta Waverley take. UNESCO ta sa sassan biyu cikin kayan tarihin duniya a 1995.

In ka riƙe abu uku ba za ka ɓata ba: tsohuwar fadar da ke kan dutse (Edinburgh Castle), titin Princes Street, da tashar Waverley.

Daga filin jirgi yaya zan shigo gari?

Filin jirgin yana yamma da gari, kusan kilomita 13. Akwai tiram, wato jirgin lantarki mai bin tsakiyar titi, wanda ke kai mutum Princes Street cikin kamar rabin awa ko ɗoriya kaɗan. Akwai bas mai suna Airlink 100, wadda ke aiki dare da rana, ta sauke ka kusa da Waverley. Akwai kuma tasi a ƙofar fita. In ku huɗu ne da manyan akwatuna, ku yi lissafi tukuna, sau da yawa tasi ba ta fi tsada da wani abin a zo a gani ba, kuma har ƙofar masauki za ta kai ku.

Kuskuren da baƙi suka fi yi a tiram shi ne su shiga suna jiran kwandasta ya zo ya karɓi kuɗi. Tikiti a bakin tasha ake saye kafin a hau, ko a taɓa katin banki a na'urar da ke kan dandamali, a sake taɓawa in an sauka. Wanda aka samu a ciki babu tikiti tara zai biya, ba a sauraron "ai ni baƙo ne".

Sai na riƙa shiga mota, ko ƙafa ta isa?

Ƙafa ta isa, kuma ni a ganina wanda ya ga Edinbara ta tagar mota bai gan ta ba. Daga Waverley zuwa fadar kan dutse minti goma sha biyar ne in gwiwa na da lafiya. Matsalar hawa da sauka ce, da duwatsun da aka shimfiɗe tsofaffin tituna da su, masu santsi in an yi ruwa. Takalmi mai tsini da silifa a bar su a akwati.

Akwai kuma wani abu da taswirar waya ba ta faɗa. Tsohon Gari hawa biyu ne. Za ka ga a taswira titin South Bridge ya gitta Cowgate, ka ɗauka mahaɗa ce ka karya kwana. Kana isa sai ka tarar Cowgate na can ƙasa kamar gindin rijiya, kai kana bisa gada ba ka ma san gada ba ce, saboda an gina gidaje a ɓangarorinta biyu. Haka George IV Bridge. Na taɓa kewaye wuri ɗaya sau uku ina neman ƙofar da ke ƙarƙashin ƙafata. In haka ta same ka, nemi lungu mai matakala, ko ka tambayi mai wucewa. Mutanen garin ba sa ƙyashin nuna hanya, sai dai harshensu yakan ɗauki kwana biyu kafin kunne ya saba.

Ga mai kujerar guragu ko tsoho mai ciwon gwiwa, Sabon Gari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

To in na gaji, yaya bas ɗin gari take?

Kamfanin Lothian Buses ne ke riƙe da yawancin layukan, bas masu bene, ruwan jar ƙasa da fari. Kuɗin hawa ɗaya ne ko tasha biyu za ka je ko ƙarshen layi. Direba ba ya ba da canji: in tsabar kuɗi ka zuba a akwatinsa, abin da ya shiga ya shiga. Shi ya sa kowa kati yake taɓawa. A bas sau ɗaya ake taɓawa, lokacin shiga. In ka yi amfani da kati ɗaya duk yini, akwai iyakar da kuɗin ke tsayawa komai yawan hawanka, don haka kada ka taɓa da kati da safe sannan da waya da yamma. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta suke hawa. Bas ɗin dare lambarta na farawa da harafin N.

Ɗaga hannu in bas ta tunkaro, danna ƙararrawa in za ka sauka. A layi ake shiga, ba a turereniya. Za ka kuma ji kusan kowa yana yi wa direba godiya in zai sauka, har yara.

Layin tiram guda ɗaya ne: ya fara aiki a 2014, aka ƙara shi zuwa Newhaven ta Leith a 2023.

Zan iya hayar mota in tuƙa da kaina?

Za ka iya, amma ban ga dalili ba in tsakiyar gari ce kawai. A hagu ake tuƙi, gudun da aka yarda a yawancin tituna mil 20 ne a awa, wurin ajiye mota tsada ne, kuma masu rubuta tara ba sa barci. Tun Yunin 2024 ana cin tarar tsofaffin motoci masu hayaƙi da suka shigo tsakiyar birnin. Haya sai in za ka fita can arewa cikin tsaunuka. Ko a ƙafa kake, tuna da hagun nan: dubi dama kafin ka tsallaka.

Kwana ɗaya kawai nake da shi. Me zan gani?

Fara daga sama ka gangaro. Fadar da suke kira Edinburgh Castle tana kan ragowar dutse mai aman wuta da ya mutu tuntuni. A ciki akwai kambin sarautar Sikotland da sandarsa da takobinsa, da ɗan ɗakin ibada na St Margaret wanda aka gina a ƙarni na 12, shi ne gini mafi tsufa a birnin, da wata ƙatuwar igwa mai suna Mons Meg. Sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, musamman lokacin zafi, don yakan ƙare. Da ƙarfe ɗaya na rana ana harba igwa, al'adar da aka fara a 1861 domin jiragen ruwa su saita agogo. Ba a harbawa ran Lahadi. In kana Princes Street ka ji ƙara, dubi mutane: masu garin agogo za su duba, baƙi ne za su zabura.

Daga ƙofar fadar titin Royal Mile ya miƙe ƙasa har fadar Holyroodhouse, masaukin Sarkin Birtaniya in ya zo Sikotland. Tsawonsa kamar kilomita 1.8. A hanya akwai cocin St Giles, inda aka ajiye gawar Sarauniya Elizabeth a Satumbar 2022 jama'a suka yi mata bankwana. Dab da cocin, a ƙasa, an jera duwatsu da siffar zuciya a inda tsohon kurkuku yake. Za ka ga masu wucewa suna tofa yawu a kai. Al'ada ce, kada ka tsaya a kansa ɗaukar hoto, kada kuma ka ajiye jaka. A ƙarshen titin, daura da fada, ginin Majalisar Sikotland ne da aka buɗe a 2004. Shiga kyauta ne bayan bincike a ƙofa. Har yau mutanen garin ba su daidaita kan ko ginin yana da kyau ba.

Kada ka bi titin tiryan-tiryan. Lungunan da ke gefensa, waɗanda sunansu ke ƙarewa da Close, su ne daɗin wurin. Wani zai kai ka tsakar gida mai shiru, wani ya zube da kai ƙasa ta matakala har ka hango teku.

Akwai abin gani da ba sai an biya ba?

Mafi kyawun abubuwan ma su ne na kyauta. Gidan tarihi na National Museum of Scotland da ke Chambers Street zai cinye maka yini in ka bari. A nan aka ajiye tunkiyar nan Dolly, wadda aka haifa a 1996, dabba mai shayarwa ta farko da masana suka kwafa daga ƙwayar halittar babbar dabba. Hau lif zuwa rufin ginin, za ka ga gari ta kowace kusurwa. Gidan zane-zane na ƙasa da ke The Mound shi ma kyauta ne, haka lambun itatuwa na Royal Botanic Garden.

Sai duwatsu biyu. Calton Hill yana ƙarshen gabas na Princes Street, minti goma ne hawansa, a samansa akwai ginshiƙan da aka fara a 1826 kuɗi ya ƙare aka bar su a tsaye har yau. Arthur's Seat kuwa mita 251 ne, hawa ne na gaske, a ba shi awa biyu zuwa da dawowa. Iskar samansa takan kusa ture mutum. Malam mai babbar riga da hula, a yi shiri.

Garin yana da wata alaƙa da ƙasarmu kuwa?

Yana da ita, ta jami'arsa. Mungo Park, wanda ya mutu a Bussa a bakin Kwara, a nan ya karanta likitanci. Haka William Baikie, wanda ya zauna Lakwaja ya koyi Hausa har ya yi fassara cikinta. Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, ma a nan ya yi digiri kafin ya koma Tanganyika. Tsohon ginin jami'ar, Old College, yana kan South Bridge, ana iya leƙa farfajiyarsa.

Ina masallaci?

Babban masallacin yana Potterrow, jikin jami'a, minti goma zuwa sha biyar a ƙafa daga Waverley. An buɗe shi a 1998, kuma Sarki Fahad na Saudiyya ne ya ba da mafi yawan kuɗin ginin. Akwai sashen mata da wurin alwala. Ran Juma'a yana cika, a je da wuri.

Abin da zai fi ba ka mamaki lokutan salla ne. A Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu, sai ka ga Azahar da La'asar da Magariba sun taru cikin ƙasa da awa huɗu. A Yuni kuwa sai wajen goma na dare ake Magariba, kuma duhu ba ya kammala rufewa kafin alfijir. Kada ka dogara da idonka ko da abin da ka saba. Ɗauki jadawalin masallacin na watan. Sannan babu buta a banɗakunan kantuna da gidajen tarihi. Ƙaramar gorar ruwa a jaka tana maganin wannan.

Ina zan ci abincin halal?

Unguwar masallacin ce cibiya. Nicolson Street da Clerk Street cike suke da gidajen abincin Indiyawa da 'yan Pakistan da Turkawa da Larabawa, da mahauta masu naman halal. Mosque Kitchen da ke Nicolson Square ya yi suna da shinkafa da miyar kori mai araha, ɗalibai Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba duk can suke. Leith Walk da Dalry da Gorgie ma akwai, kuma a waɗannan unguwanni ne za ka samu kantunan kayan abincin Afirka in kewar garin kwaki da manja da attarugu ta taso. A Royal Mile kuwa abinci tsada ne, kuma ba don ya fi daɗi ba.

A gidan abincin da ake zama a kawo maka, akan bar tukuicin kamar kashi 10 cikin ɗari. Duba takardar kuɗin tukuna, wasu sun riga sun saka. Ruwan famfo ana sha, kuma in ka roƙa kyauta za a ba ka.

Me ke cikin abincinsu na gargajiya? Wanne zan iya ci?

Hagis shi ne wanda kowa ke tambaya. Kayan cikin tunkiya ne, zuciya da hanta da huhu, a niƙa da hatsin ot da albasa da kitse da kayan yaji, a ci da dakakken dankalin Turawa. Wanda ya tashi da farfesun kayan ciki ba zai ga abin tsoro ba. Abin dubawa shi ne yankan, kuma wasu masu yi suna sa kayan alade. Akwai na ganye zalla da ake yi da wake da hatsi, kusan ko'ina ana samu, kuma yana da daɗi. Black pudding jini ne, a bar shi. Karin kumallon otal da suke kira cikakke yawanci naman alade ne ya fi yawa a farantin, sai ka nemi ƙwai da wake da kunun ot.

Kifi ne mafita. Cullen skink miyar bandar kifi ce da dankali da madara, ta dace da ranar sanyi. Soyayyen kifi da dankali kuwa tambaya biyu gare shi: ko an sa giya a ƙullun, da kuma irin man da aka soya. Mai sayarwa zai tambaye ka gishiri da miya, yana nufin wata miya ruwan ƙasa mai tsami da Edinbara ta keɓanta da ita. Kayan zaƙi ma a karanta takarda: cranachan da wasu alawoyin tsaraba da wuski ake yin su. Irn-Bru, lemon nan ruwan goro da ke ko'ina, babu giya a ciki.

Ina ake sayayya, kuma ana tayi?

Ba a tayi. Abin da aka rubuta shi ne kuɗin, haraji na ciki. Tun Janairun 2021 kuma an daina mayar wa baƙi harajin kaya a filin jirgi, kada wani da ya zo shekarun baya ya sa maka rai.

Princes Street gefe ɗaya kawai ke da kantuna, ɗaya gefen lambu ne da fada a sama; nan Primark da Marks & Spencer suke. St James Quarter, da aka buɗe a 2021 a ƙarshen gabas, rufaffe ne, ya dace da ranar ruwa, babban kantin John Lewis na ciki. Multrees Walk da George Street na masu hannu da shuni ne. Victoria Street da Cockburn Street ƙananan shaguna ne masu kyan kallo. Grassmarket, wadda a da kasuwar dabbobi ce kuma wurin rataye masu laifi, tana cin kasuwa ran Asabar. Ɗalibin da ke neman rigar sanyi mai kauri kada ya ji kunyar shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji; na Stockbridge sun fi kaya masu kyau.

Kantuna na buɗewa ran Lahadi, amma da yawa suna rufewa wajen shida na yamma. Leda sayenta ake yi, aƙalla kwabo 10 na kuɗin Birtaniya.

Wace tsaraba ce ta cancanci kuɗinta?

Mayafin ulu ko na kashmiya, in na gaske ne. Shagunan Royal Mile da ke kunna kiɗan algaitar Sikotland har waje, yawancin kayansu daga wasu ƙasashe ake shigo da su. Juya ka karanta inda aka saƙa. Yadin Harris Tweed doka ce ta 1993 ke kare shi, da hannu ake saƙa shi a tsibiran yamma, kuma na gaske yana da tambarin dunƙule mai gicciye a bisa. Biskit ɗin shortbread a saya a babban kanti, gwangwanin ado ne ke ninka kuɗin a shagon baƙi.

An ba ni canjin fam da ban gane ba. Jabu ne?

A'a. Bankuna uku ke buga takardun kuɗinsu a Sikotland: Bank of Scotland, Royal Bank of Scotland da Clydesdale. Darajarsu ɗaya da ta Ingila. Sai dai wasu kantuna a Ingila kan yi jan ƙafa wajen karɓa, 'yan canji a gida kuwa da wuya su taɓa su. Kashe su kafin ka tafi.

Wane lokaci ya fi dacewa a zo?

Mayu da Yuni da Satumba. Agusta watan bukukuwa ne: babban bikin wasanni na ƙasa da ƙasa da na Fringe, waɗanda aka fara a 1947, da faretin sojoji a ƙofar fada tun 1950. Garin yakan cika maƙil, Royal Mile ba wurin sa ƙafa, kuɗin masauki ya hau sama. Haka ƙarshen Disamba, lokacin bikin sabuwar shekara da suke kira Hogmanay. In bikin ka zo gani, kama ɗaki da watanni. Majalisar birnin ta kuma amince da harajin kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin masauki daga 24 ga Yulin 2026, na dare biyar na farko.

Ko yaushe ka zo, zo da rigar ruwa mai hula. Lema ba ta jure iskar garin.

Zan iya zuwa wani gari in dawo a yini ɗaya?

Gilasgo kamar minti hamsin ce a jirgin ƙasa daga Waverley ko Haymarket, ko bas ta Citylink daga tashar St Andrew Square. Gadar Forth, jar gadar ƙarfe ta 1890, tana kusa: sauka a Dalmeny ka gangara bakin ruwa ka gan ta daga ƙasa. Landan awa huɗu da rabi ce zuwa King's Cross, tikitin da aka saya da wuri ya fi araha sosai. In kana sauri zuwa Waverley ka ɗaga kai ka ga agogon otal ɗin Balmoral, kada hankalinka ya tashi: da gangan aka sa shi gaba da minti uku don matafiya kada jirgi ya bar su.

In wani abu ya faru, wa zan kira?

Tsakiyar garin tana da kwanciyar hankali, sai dai a kula da aljihu cikin cunkoson Agusta, kuma Cowgate da Grassmarket na mashaya ne a daren Juma'a da Asabar. Lambar gaggawa 999 ce, ta 'yan sanda da motar asibiti da 'yan kwana-kwana. In rashin lafiya ce da ba ta kai gaggawa ba, kira 111. Ƙaramin ƙorafi ga 'yan sanda, kamar an ɗauke waya, 101.